Yaɓen Majami'ar Sarakunan Dutse

Duk mai shakkar labarin nan ya zo Rano, unguwar magina, ya tambayi gidan Namadi, gidan nan da katangarsa ta gabas ta faɗi, ya ƙirga yatsun hannuna na dama. Huɗu zai samu. Na biyar ɗin yana can wata ƙasa cikin alkuki, ana share masa ƙura duk ranar Lahadi, gatan da ni mai shi ban taɓa samu ba.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, gwanin magini ne. Ni kuwa ɗan gwani ne, kuma ba abu ɗaya ba ne. In na yi maka soro, damina ɗaya ce tsakaninka da sake nemana. Matata Tabawa takan ce, "Malam, kai dai Allah ya yi maka baiwa, aikinka ba ya ƙarewa." Shekara ashirin na yi ina ɗauka yabo ne.

Wata rana da hantsi ina zaune gindin tsamiyar bakin kududdufi, Sallau wanzami yana yi mini aski yana ci mini mutunci, kamar yadda ya saba haɗa su.

"An ce zauren da ka yi wa Liman ya zauna," in ji shi.

"Hutawa yake yi."

"Da Liman a ciki?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Sallau, ka rubuta ka ajiye. Babu ginin da ke ƙarƙashin sama, na mutum ko na aljan, da zai tsage in kasa ɗinke shi!"

"Kai, rufa wa kanka asiri," in ji Sallau. "A gindin tsamiya kake."

Bai rufe baki ba reshe ya karye, wani abu ya faɗo gabanmu har ƙasa ta girgiza. Jikinsa dutse ne, fukafukai irin na jemage, kai irin na kura, baki a wangale kamar indararo, gansakuka ta fito masa a haɓa. Daga cikin cikinsa murya ta fito.

"Ya kai ɗan Adam, mun ji alkawarinka, mun kuma karɓa. Ni ne Harƙushu, babban indararon kusurwar yamma na Majami'ar Sarakuna Goma Sha Ɗaya. Rufinmu ya tsage. Tashi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, hira ce muke yi."

"A ƙasarmu ba a hira."

Na waiga in sa Sallau shaida, sai askarsa kawai na gani a ƙasa. Haka Harƙushu ya kama ni ta mazagin wando ya tashi sama da ni, rabin kaina a aske, rabi da suma.

Muka ƙetare sahara. Muka ƙetare wani teku mai tafasa, inda kifaye ke tsalle suna cizon iska, ɗaya ya tafi da takalmina na hagu da fatar dugadugin. Muka shiga hazo, wasu tsuntsaye masu bakin ƙarfe suka far mana. Harƙushu ya riƙa kama su da ƙafa yana murɗe musu wuya, jininsu na zubo mini a kan rabin da aka aske, masu rai kuma suna caccakar rabin da ya rage, wai sheƙa suke nema. Da hazon ya yaye sai ga birni a ƙasa, babu hayaƙi, babu kukan zakara, kuma a tsakiyarsa ga ginin.

Ni magini ne, ko da na banza, saboda haka abin da na gani ya sa na manta da ciwo. An shimfiɗa ginin a siffar gicciye, gaba ɗayansa dutse, babu ko tubali ɗaya. Hasumiya biyu a gaba, kowace sai hularka ta faɗi kafin ka ga ƙarshenta. Ta waje an tokare bangon da wasu duwatsu lanƙwasassu, jere kamar haƙarƙarin raƙumi, don kada nauyin rufin ya tura shi ya buɗe. A bakin rufin 'yan'uwan Harƙushu sun fi ɗari, kowa a tsugune, baki a buɗe. Bisa ƙofa kuwa ga wata taga zagayayya, faɗinta ya kai masussuka, an cika ta da gilashi ja da shuɗi da ruwan ɗorawa.

Na cire takalmin da ya rage na shiga. Ginshiƙai sun miƙe sama kamar giginyu, can ƙoli suka rabu rassa-rassa suka haɗu da juna. A tsakiyar ƙolin ga tsaga, jaki zai wuce ta ciki da kayansa. A ƙasa kuma kaburbura goma sha ɗaya ne, shida dama, biyar hagu, an ɗaga kowanne kamar gado, a kan kowanne an sassaƙa sarki kwance da sulke da kwalkwali, takobi a ƙirji, kare ko zaki a ƙafafunsa.

An koya mini ladabi. Na ce, "Aminci ya tabbata a gare ku, ma'abota kaburbura."

Muryoyi goma sha ɗaya suka amsa daga cikin dutse. Na sha gaida makabarta a rayuwata, amma ranar ce aka fara amsa mini, kuma ban ji daɗin ladabin ba.

Wani tsoho ya fito daga bayan ginshiƙi, siririn mutum, hannunsa na dama dungu ne. Ya ce sunansa Girgis, masassaƙin dutse daga Masar. A wurin nan kowa na jin harshen kowa. Ya dubi kaina ya ce, "Ɗan'uwa, haka maginan ƙasarku ke aski?"

"Sai manya," na ce.

Ya ja ni muna tafiya yana ba ni tarihi. Sarki Otmar Mai Takobi ne ya aza harsashin, bayan ya soke ƙanensa Rodan a ido wajen rabon sarauta, wai don ya nemi gafara. Sai dai Rodan bai mutu ba. Ya warke, ya dawo, ya sare Otmar a bakin wannan ƙofa, ya hau gadon, ya ɗora ginshiƙan. Jikokinsu suka ci gaba, wannan ya kashe wancan ya ƙara hasumiya, wancan ya shaƙe wannan ya sa taga. Shekara ɗari da arba'in ana gini. Kowa ya mutu sai a kawo shi nan, kuma kowa yana ganin shi ya kamata ya kwanta kusa da bagadi, wato teburin ibadarsu.

"Har yau ba su sasanta ba," in ji Girgis. "Zo ka ga abin da ya shafe ka."

Ya nuna mini bangon arewa. Alkukai ne jere, a cikin kowanne busasshen hannun mutum riƙe da guduma. Na ƙirga talatin da bakwai. Na talatin da takwas babu kome a ciki, an share shi tas.

"Dokar Otmar ce. Ranar da aikin magini ya ƙare, a sare masa hannun dama, don kada ya je ya gina irinta wani wuri. In kuwa rufin ya faɗi a hannunsa, kansa za a sare. Wancan nawa ne, na tara daga hagu. Ina zuwa in gaishe shi."

"To, in mutum ya toshe kunne ya ƙi aikin fa?"

"Wani Bahabashe ya gwada. Daga hasumiya suka sako shi."

Muna cikin haka rana ta take tsaka, haskenta ya ratso tagar gilashin ya sauka kan kaburburan. Girgis ya fizge ni bayan ginshiƙi. Duk wanda hasken ya taɓa sai ya buɗe ido ya zauna. Otmar ya fara dirowa, ya yi kan kabarin Rodan ya sauke masa takobi a kafaɗa, hannun ya guntule ya faɗi yana motsi. Rodan mai ido ɗaya ya ɗauki hannun nasa da ɗayan, ya kwaɗa wa wansa a baki, haƙoran dutse suka watse kamar tsakuwa. Sauran tara suka rufta. Karnuka da zakuna suka kama maƙogwaron juna. Wani sarki ƙato ya kama jikansa ta ƙafa ya riƙa dukan ginshiƙi da shi har kan ya fashe. Jini baƙi mai kauri kamar kwalta yana fita daga dutsen, ya malale daɓen. Wani kai ya gangaro ya tsaya a ƙafata, ya dube ni ya ce, "Kai bawa, mayar da ni wuyana!" Na ce masa ni baƙo ne, ban san wuyan ba. Duk sara ɗaya sai ginin ya amsa, tsagar ƙoli ta ƙara buɗewa, ƙura na zubowa.

Da hasken ya gushe daga tagar, kowa ya tattara gaɓoɓinsa ya ja jiki ya koma ya kwanta, dutse ya haɗe kamar ba a yi ba. Kullum haka, shekara ɗari bakwai.

Kafin Otmar ya rufe ido ya juyo da kai. "Kai ne sabon maginin?"

Na zube. "Allah ya ja zamanin..." sai na tuna zamanin ya riga ya ƙare. "Allah ya ƙara wa sarki nauyi."

"Ka ga alkukinka?"

"Na gani, ranka ya daɗe. An yi shara mai kyau."

"Gyara rufin."

Ga ni, ga dutse, ban taɓa sassaƙa ko dutsen niƙa ba. Na ce wa Harƙushu ni ƙasa na sani, da azara, wato tsagin itacen giginya, da ciyawa, da ruwa. Ya ce duk maginan da suka gabata dutse suka nema. Na ce ai shi ya sa aka sake nemo wani.

Ya kai ni Kwarin Suri, inda gara ke da girman akuya. Ina cika kwando da jar ƙasar gidansu suna fitowa ɗari-ɗari. Harƙushu ya tsaya a bakin ramin yana tattaka su, kawunansu na fashewa kamar ƙwai, wata ta kuɓuce ta kafa mini baki a ɗuwawu, har yau in hadari ya haɗo wurin ne ke fara sanar da ni. Kwando dubu muka kwaso cikin kwana arba'in. Giginyun kuwa a wani daji muka same su, masu ihu kamar mutane in an sa musu gatari. Na farkon da na sara ta lanƙwaso ta mare ni da ganyenta, na yi kwana biyu ina jin ƙararrawa. Daga nan na bar wa indararo sara, ni na koma ba da shawara, aikin da na fi iyawa.

Saura masu cuɗa ƙasa. A nan ne na ji cewa sauran maginan masu dungu, su talatin da shida ban da Girgis, suna zaune a ɗakunan ƙarƙashin ginin, ba su mutu ba, ba a kuma sallame su ba. Na ce wa Girgis, "Baba, ƙafafunku lafiya?"

"Su ba a taɓa su ba."

"To ƙasa da ƙafa ake cuɗa ta."

Ka ga dattawa, gwanayen Masar da Rum da Hindu, sun naɗe riguna suna tattaka laka a tsakiyar majami'a suna dariya kamar yara. Girgis har waƙa yake yi. Ya ce shekara ɗari biyar rabon da a ce masa ga aiki.

Muka ɗaure itatuwa muka hau. Na jera azara daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, ina ɗaure su suna lanƙwasawa har suka haɗu ƙarƙashin tsagar, bakan gizo ke nan irin na mahaifina, na bi su da ƙasa. Ta sama kuma, inda gatarin sarakuna ya yayyaga dalmar da aka lulluɓe rufin da ita, na yi rufin soro. Da tsakar rana muna sama ana yaƙi a ƙasa, mashi na wucewa ta tsakanin ƙafafuna. Abin mamaki, in ginin ya girgiza sai bakan ya ɗan lanƙwasa ya dawo, bai fashe ba.

Ana saura kwana uku mu kammala, hasken ya riski Girgis a cikin laka. Ƙafarsa ta maƙale. Na yi masa ihu daga sama. Ƙaton sarkin nan ya kai wa jikansa kulki, jikan ya goce, kulkin ya sauka a ƙirjin tsohon. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Ko waiwaye ba su yi ba. Da hasken ya gushe na sauko na ɗaga kansa, jini na fita ta bakinsa, ja irin namu.

"Ɗan'uwa," ya ce, "ƙasar nan ta yi laushi. Kada ku bar ta ta bushe a banza."

Muka haƙa masa kabari a waje gindin bango, 'yan'uwansa suka yi masa addu'a irin tasu, na sauko da hannunsa daga alkuki na tara na sa masa a gefe. Ƙasar da ya cuɗa kuma, da jininsa a ciki, ita na shafe tsakiyar bakan da ita.

Ranar da aka sauke itatuwa, rana ta take tsaka, sarakuna suka tashi, amma ba wanda ya zare makami. Ashe abu ɗaya ne suke haɗa kai a kansa. Aka kawo gungume gaban bagadi, indararo biyu suka danne ni, suka shimfiɗa hannuna. Otmar ya ɗaga kai ya dubi rufin.

"Ya tsaya. Aikinka ya ƙare, ya kai magini. Muna gode maka."

Ya ɗaga takobi. Zan so in ce dabara ce na ƙulla tun farko, amma ƙarya ba ta da kyau ga mai furfura. Ƙasa na yi aiki da ita don ita kaɗai na sani. Ina kallon kaifin nan, ina tunanin wa zai gaya wa Tabawa, sai na ji muryarta tsaf a kunnena, har da tsakin da take ƙarasawa da shi.

Na yi kururuwa, "Bai ƙare ba! Ranka ya daɗe, aikina ba ya ƙarewa! A tambayi kowa a Rano!"

Takobin ya tsaya. "Bayyana."

Na roƙi Harƙushu ya tofa ruwan da ke cikinsa a kan ragowar ƙasar da na shafa a gindin ginshiƙi. Ya tofa. Jan ruwa ya gangaro, ƙasar ta zaizaye har ciyawa ta fito.

Otmar ya yi ruri, gilashin taga ya amsa. "Ka yi wa sarakuna rufin da ruwa ke ci?"

"Ranka ya daɗe, sau talatin da bakwai aka ɗinke muku shi da dutse, sau talatin da bakwai kuka fasa. Dutse ba ya haƙuri. Ƙasa tana haƙuri da duka, amma ba ta haƙuri da damina. Mu a wurinmu duk shekara in ruwa ya ɗauke sai an bi ta da sabon yaɓe, in ba haka ba shekara biyu ta zubo muku a ka. Mahaifina yakan ce ginin ƙasa kamar aure ne, ranar da ka ce ka gama, ranar ya fara rushewa."

"Waɗannan bayin su yaɓa."

"Suna cuɗawa da ƙafa. Yaɓe kuwa sai hannu biyu, ɗaya na riƙe da ƙasa, ɗaya na shafawa. Kun sare na kowa."

Sai Rodan ya yi magana. Kabarinsa ne daidai ƙarƙashin tsagar.

"Shekara ɗari biyu ruwa na ɗiga mini a idon da ka bar mini, ya kai ɗan'uwana. Wata guda ke nan ina kwana a bushe. Dokarka ta ce in aiki ya ƙare. Bai ƙare ba."

"Ni na kafa dokar!"

"Ni kuma na kashe ka."

Otmar ya sauke takobin da iyakar ƙarfinsa. Rodan ya cilla garkuwa, ta bugi kaifin ya goce, ya sauka a gefen gungumen. Na ji sanyi, na duba, ƙaramin yatsana ya yi tsalle ya faɗi gaban bagadi. Kafin in sami bakin yin ihu sarakuna goma sha ɗaya sun kaure, biyar na neman sauran hannun, shida na karewa, ba don suna sona ba, don dai su saɓa wa biyar ɗin. Harƙushu ya lulluɓe ni da fukafukai, takubba na sauka a bayansa suna tartsatsi, har hasken ya gushe.

Ya tsinci yatsan, ya kai alkuki na talatin da takwas ya ajiye a hankali. "Don wurin ya saba da kai," in ji shi. "Duk shekara bayan damina zan zo in ɗauke ka. Ka sani, ya kai ɗan Adam, shekarar da aka tarar yaɓenka bai zaizaye ba, aikin ya ƙare."

Ya sauke ni gindin tsamiya. Na shiga gida da dungun yatsa, sumata ta tofo gefe ɗaya ya fi ɗaya. Tabawa ta dube ni sama da ƙasa, ta yi kuka, ta share hawaye, ta ce, "Malam, wata biyar kana gyaran rufin wasu, katangarmu ta gabas ta faɗi."

Shekara goma sha bakwai ke nan ina zuwa. Sai dai akwai masifar da ban hango ba: duk abin da mutum ya daɗe yana yi, hannunsa sai ya faɗa. Bara da muka sauka kan rufin da hantsi, na zagaya shi kusurwa huɗu. Yaɓen yana nan sumul kamar jiya aka yi. Ko tsaga ɗaya babu, ko zaizaya. Da mahaifina ya gani da ya yi kuka don murna. Ni ma kukan na fara, ga rana tana hawa, saura kaɗan ta kai tagar.

Na dubi Harƙushu, ya dube ni. Shekara ɗari bakwai aikinsa ke nan, ya tofar da ruwa nesa da bango, bai taɓa kuskure ko sau ɗaya ba. Ya koma kusurwarsa ta yamma ya tsuguna. Sai na ji ƙarar dutse na gogar dutse, yana juya wuyansa a hankali, har bakin ya fuskanci rufin. Ya saki ruwan damina guda a kan aikin da ya fi kowane kyau a rayuwata, ƙasa ta narke ta gangara ja.

"Ya kai ɗan Adam," in ji shi, "aikinka na banza ne. Ɗauko kwando."

An sha faɗa mini haka a Rano. Ranar ce kawai na ce amin.